Saurin Sauyin Sinadarai da Daidaitonsa: Sharhi Daga Dajin Birnin Gwari Zuwa Masana'antar Taki

Duk wani sauyin sinadarai, wato yanayin da wasu sinadarai ke haɗuwa ko wargajewa su haifar da sababbi masu halaye na dabam, yana ɗauke da tambayoyi biyu da ya wajaba ɗalibin kimiyya ya rarrabe tsakaninsu tun farkon karatunsa. Ta farko ita ce da wane irin sauri sauyin yake gudana, ta biyu kuwa ita ce ina zai tsaya, kuma nawa daga cikin kayan da aka fara da su za su rikiɗe kafin ya kai wurin tsayawar. Fannin saurin sauyi shi ke amsa ta farko, fannin daidaiton sinadarai kuma ya amsa ta biyu, kuma ko da yake manhajar sakandare da jarrabawoyin WAEC da NECO da JAMB suna jera su kafaɗa da kafaɗa, kowannensu yana da nasa dokokin. Da yawa daga cikin kurakuran ɗalibai a wannan babi suna tasowa ne daga cakuɗa su, inda ɗalibi zai ɗauka cewa duk abin da ya hanzarta sauyi dole ne ya ƙara yawan abin da za a samu, alhali akan sami sauyi mai tsananin sauri wanda amfaninsa kaɗan ne, a kuma sami wanda zai iya kai wa ƙarshe amma sai an shekara dubbai ana jiransa.

Ɗalibin da ya tashi a Kakangi, cikin ƙaramar hukumar Birnin Gwari da ke yammacin Jihar Kaduna, yana zaune ne a tsakiyar misalan wannan darasi, domin ƙasa ce ta noman masara da dawa da shinkafa, wadda daji ya kewaye, har da Gandun Dajin Kamuku wanda aka ɗaga zuwa matsayin gandun daji na ƙasa a 1999. Abubuwa biyu da suka zama ruwan dare a yankin, wato gawayin da ake ƙonawa daga itacen daji da buhun takin yuriya da manomi ke saye da damina, sun isa su bayyana kusan dukkan ƙa'idojin da ake bukata.

Saurin sauyi da yadda ake auna shi

Saurin sauyi shi ne gwargwadon yadda sinadarin da aka fara da shi ke raguwa, ko wanda ake samarwa ke ƙaruwa, a cikin kowace daƙiƙa ko minti. Akan auna yawan sinadari ne da abin da ake kira kauri, wato adadin mol nawa ne a cikin lita ɗaya, shi kuwa mol ma'auni ne na ƙidaya wanda ke ɗauke da ƙwayoyi kusan 6.02 × 10²³. Idan, alal misali, kaurin wani asid ya sauko daga mol 0.80 zuwa mol 0.50 a kowace lita cikin daƙiƙa 60, to matsakaicin saurin sauyin shi ne 0.30 a raba da 60, wato mol 0.005 a kowace lita a kowace daƙiƙa. Ana cewa matsakaici ne saboda saurin ba ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe, yakan fara da ƙarfi sannan ya riƙa ja baya yayin da kayan farawa ke ƙarewa. Masanin da ya fara tabbatar da wannan da awo shi ne Ludwig Wilhelmy na Jamus, wanda a 1850 ya bibiyi yadda sukarin rake ke rabuwa gida biyu a cikin ruwa mai asid, ya gano cewa saurin rabuwar a kowane lokaci yana tafiya daidai da yawan sukarin da ya rage.

Bayanin da ya fi sauƙin kamawa kan dalilin da ya sa wasu sauye-sauyen ke da sauri, kamar ƙonewar fetur a injin babur, wasu kuma ke da nawa, kamar tsatsar da ke cin fartanyar da aka bari a waje, shi ne ra'ayin karo. Ra'ayin yana cewa ƙwayoyin sinadarai ba sa sauyawa sai sun yi karo da juna, kuma ba kowane karo ne ke haifar da sakamako ba, sai wanda ya cika sharuɗɗa biyu, wato ƙwayoyin su fuskanci juna ta ɓangaren da ya dace, sannan su zo da makamashin da ya isa ya sassauta ɗaurin da ke riƙe da su. Mafi ƙarancin makamashin da ake bukata ana kiransa makamashin tayarwa. Shi ne dalilin da ya sa busasshiyar ciyawar daji take zaune cikin iskar oksijin tun daga kaka har bazara ba tare da ta kama da wuta ba, duk da cewa ƙonewarta sauyi ne da ke fitar da zafi mai yawa, sai ranar da tsinken ashana ko guntun garwashi ya ba wani ɗan yanki nata makamashin tayarwa, daga nan kuma zafin da wannan yanki ya fitar ya tayar da na kusa da shi, gobarar daji ta kankama.

Daga wannan ra'ayi ne ake fahimtar abubuwan da ke sauya sauri. Ƙarin kauri, ko ƙarin matsi idan iskoki ne, yana cusa ƙwayoyi da yawa a wuri ɗaya, karo ya yawaita. Masu ƙona gawayi suna aiki da kishiyar wannan, domin sukan jera itace su rufe shi da ciyawa da ƙasa, su bar 'yan ƙofofin iska kaɗan, ta yadda oksijin ɗin da ke shiga zai isa ya riƙe zafi amma ba zai isa ya cinye itacen ya mayar da shi toka ba, sai ruwa da sauran abubuwa masu tashi su fice a matsayin hayaƙi, kabon ya rage. Faɗin fuska, wato yawan sararin abu mai tauri da ke taɓa iska ko ruwa, shi ma yana ƙara sauri, shi ya sa ƙirare ke kamawa nan take yayin da gungumen da ya kai su nauyi yake kwana yana ci.

Tasirin zafi ya fi bukatar a tsaya a kansa, saboda a nan ne ɗalibai suka fi ba da rabin amsa. Gaskiya ne cewa zafi yana sa ƙwayoyi su ƙara gudu su yawaita karo, amma wannan ƙaramin ɓangare ne na dalilin, domin ƙarin digiri 10 a ma'aunin Selsiyos, a yanayin zafin ɗaki, yana ƙara matsakaicin makamashin ƙwayoyi da kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai, alhali saurin sauye-sauye da yawa yakan kusa ninkawa biyu. Abin da ke faruwa shi ne, a kowane lokaci 'yan tsiraru ne daga cikin ƙwayoyin ke da makamashin da ya kai na tayarwa, kuma ɗan ƙarin zafi yana faɗaɗa wannan rukuni sosai. Svante Arrhenius na Suwidin ne ya ba wannan alaƙa siffarta ta lissafi a 1889, bisa aikin da Jacobus van 't Hoff na Holan ya wallafa a 1884. A aikace, sauyin da ke ninkawa a kowane digiri 10 zai yi sauri ninki huɗu idan zafi ya tashi daga digiri 20 zuwa 40, kuma wannan ne ya sa nono da ƙullu suke saurin tsami da bazara fiye da lokacin hunturu, ya kuma sa ake ajiye alluran rigakafi a cikin sanyi.

Abu na ƙarshe shi ne katalis, wato sinadarin da ke hanzarta sauyi ba tare da shi kansa ya ƙare ba, sunan da ya samo asali daga kalmar da Jöns Jacob Berzelius ya ƙirƙiro a 1835. Katalis yana buɗe wa sauyin wata hanya ce mai ƙaramin makamashin tayarwa, ta yadda ƙwayoyi da yawa za su iya tsallakewa a zafin da ake ciki. Katalis ɗin da jikin halittu ke ƙerawa ana kiransu enzayim, su ne ke narkar da abinci, su ne kuma ke ruɓar da ganyayen da suka zuba a ƙasan daji.

Sauyi mai komawa baya da ma'anar daidaito

An daɗe ana ɗaukar cewa sauyin sinadarai hanya ɗaya yake bi, har sai da Claude-Louis Berthollet na Faransa, wanda ya bi rundunar Napoleon zuwa Masar a 1798, ya lura da wani abu a tafkunan gishirin ƙasar. A ɗakin gwaji an san cewa sodiyam kabonet, wanda shi ne jigon kanwar da ake kawowa ƙasar Hausa daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, yana haɗuwa da kalsiyam kulorayid su ba da farar ƙasa da gishiri. A bakin tafkunan kuwa sai ya ga akasin haka, inda gishiri mai tarin yawa ke aiki a kan dutsen farar ƙasa, kanwa tana taruwa. Ya fahimci cewa yawan sinadari yana iya juya akalar sauyi, kuma daga nan aka fara gane sauyi mai komawa baya, wanda a rubuce ake nuna shi da alamar ⇌.

A cikin rufaffen mazubi, wato wanda babu abin da ke shiga ko fita, sauyin gaba yana farawa da ƙarfi ya riƙa raguwa, na baya kuma yana farawa daga sifili ya riƙa ƙaruwa yayin da sakamako ke taruwa, har su kai lokacin da saurinsu ya zo ɗaya. Wannan shi ne daidaito. Sauyi bai tsaya ba a wannan hali, ɓangarorin biyu suna ci gaba da gudana, sai dai abin da ɗaya ya samar ɗayan yana warware shi a daidai wannan sauri, don haka kaurin kowane sinadari ya daina canzawa. Haka kuma daidaito ba ya nufin kayan farawa da sakamako sun zama daidai wa daida a yawa, sauri ne kaɗai ya daidaita.

Masana biyu 'yan Norwe, Cato Guldberg da Peter Waage, su ne suka tsara dokar wannan hali a 1864. Dokar tana nuna cewa idan aka ninninka kaurin sinadaran sakamako, aka raba da na sinadaran farawa, kowanne an ɗaga shi zuwa lambar da ke gabansa a daidaitaccen lissafin sauyin, za a sami adadi guda wanda ba ya canzawa muddin zafi bai canza ba. Wannan adadi shi ne tsayayyen adadin daidaito, wanda ake rubutawa Kc. Sanannen misali shi ne wanda Marcellin Berthelot da Péan de Saint-Gilles suka nazarta a 1862, na haɗa asid ɗin da ke cikin ruwan khal da etanol don samun sinadari mai ƙamshi da ake kira esta, tare da ruwa. Idan aka fara da mol ɗaya na kowanne, sauyin yana daidaita ne bayan kusan kashi biyu cikin uku sun rikiɗe, don haka Kc shi ne ⅔ sau ⅔ a raba da ⅓ sau ⅓, wato 4. Idan aka ninka etanol sau uku, Kc yana nan a 4, amma lissafi zai nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na asid ɗin ne zai rikiɗe. Matsayin daidaito ya gusa, adadin bai motsa ba, kuma rarrabe waɗannan biyu yana daga cikin abin da ke bambanta wanda ya fahimta da wanda ya haddace.

A 1884 Henri Le Chatelier na Faransa ya taƙaita yadda daidaito ke amsa canji a cikin ƙa'ida ɗaya, cewa idan aka taɓa kauri ko matsi ko zafin tsarin da ke cikin daidaito, tsarin zai gusa zuwa ɓangaren da zai rage tasirin taɓawar. Ƙara sinadarin farawa ko kwashe sakamako yana tura sauyi gaba. Ƙara matsi yana fifita ɓangaren da ke da ƙarancin ƙwayoyin iska. Ƙara zafi yana fifita ɓangaren da ke shan zafi, kuma zafi ne kaɗai ke canza Kc kansa. Katalis kuwa yana hanzarta gaba da baya daidai wa daida, don haka yana gaggauta isa ga daidaito amma ba ya ƙara ko gram ɗaya a kan abin da daidaiton ya ƙayyade. Masana'antar siminti ta Kalambaina da ke Sakkwato tana dogara ne da ƙa'idar kwashe sakamako, domin dutsen farar ƙasa idan aka gasa shi a rufe yakan daidaita da iskar kabon dayoksaid da ya fitar, amma a cikin tanderu, inda iskar ke ficewa ba ƙaƙƙautawa, sauyin yana ci gaba har dutsen ya gama rikiɗewa.

Inda sauri da daidaito suke karo da juna

Babu misalin da ya fi nuna bambancin tambayoyin biyu kamar yadda ake ƙera amoniya, uwar takin zamani. Kashi 78 cikin 100 na iskar da ke kan kowace gona naitirojin ce, amma masara ba ta iya cin gajiyarta kai tsaye, saboda ƙwayoyin zarra biyu da ke cikin kowace ƙwayar naitirojin suna ɗaure da ɗauri uku mai bukatar kusan kilojul 945 a kowane mol kafin ya tsinke. Sauyin da ake so, na haɗa naitirojin da haidirojin su ba da amoniya, shi ne N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃, wanda ke fitar da zafi kusan kilojul 92. Tunda yana fitar da zafi, ƙa'idar Le Chatelier tana nuna cewa sanyi ne ke ba da amoniya mai yawa, amma a cikin sanyi saurin sauyin bai kai a auna ba, idan kuma aka ɗaga zafi don a sami sauri sai daidaito ya koma baya, amoniyar ta ragu. A nan karin maganar da ke cewa sauri kan haifi nawa ta sami gurbi a cikin lissafi.

Fritz Haber ya nuna mafita a birnin Karlsruhe na Jamus a 1909, Carl Bosch na kamfanin BASF ya mayar da ita masana'anta a Oppau a 1913, bayan Alwin Mittasch ya yi dubban gwaje-gwaje ya gano katalis mai arha da aka gina a kan baƙin ƙarfe. Mafitar sulhu ce tsakanin bukatu masu cin karo. Ana amfani da zafin digiri 400 zuwa 450, wanda ya isa ya ba da sauri tare da taimakon katalis ba tare da ya lalata daidaito gaba ɗaya ba. Ana amfani da matsi kusan ninki 200 na matsin iskar sarari, saboda ƙwayoyi huɗu ne ke komawa biyu, don haka matsi yana taimakon sauri da daidaito baki ɗaya, iyakarsa kawai ita ce tsadar ƙarfen da zai jure shi. Duk da haka kusan kashi 15 cikin 100 ne ke rikiɗewa a zagaye ɗaya, sai a sanyaya iskar, amoniya ta zama ruwa a janye ta, a mayar da ragowar naitirojin da haidirojin cikin tanderu. Daga amoniya da kabon dayoksaid ake yin yuriya, mai ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100, wato kilo 23 a buhu mai kilo 50. A Nijeriya ana wannan aiki da iskar gas a masana'antar Indorama da ke Eleme a Jihar Ribas, da ta Dangote da ke Lekki a Legas, wadda aka ƙaddamar a 2022 da ƙarfin tan miliyan 3 a shekara. Masana suna ƙiyasta cewa abincin kusan rabin mutanen duniya ya dogara da naitirojin ɗin da ake kamawa ta wannan hanya.

Daidaito a cikin ƙasar gona da cikin jini

Idan buhun ya iso gona, ƙa'idojin nan ba su gama aiki ba. Yuriya a cikin ruwa mai tsabta takan ɗauki shekaru kafin ta wargaje, amma a cikin ƙasa mai danshi 'yan kwanaki sun isa, saboda ƙananan halittun ƙasa suna fitar da enzayim mai suna yuriyes, wanda James Sumner na Amurka ya fara tacewa a 1926. Sakamakon wargajewar shi ne amoniyam, wanda saiwa ke iya sha, amma amoniyam yana cikin daidaito da iskar amoniya, kuma wargajewar yuriya kanta tana rage tsamin ƙasar da ke kewaye da ƙwayar takin, abin da ke tura daidaiton zuwa ɓangaren iska. Idan aka watsa takin a saman ƙasa cikin zafin rana, iska tana kwashe amoniyar da ta fito, daidaito ya ci gaba da gusawa don cike gurbinta, naitirojin ɗin da manomi ya biya kuɗinsa ya riƙa tashi. Wannan shi ne dalilin da ya sa malaman gona ke cewa a tona ɗan rami kusa da gindin masara a zuba takin a rufe, kuma kada a gauraya shi da toka, domin toka tana ƙara tura daidaiton zuwa ga asara. Rufewa da ƙasa yana mayar da buɗaɗɗen tsari kusan rufaffe, ƙasar kuma ta riƙe amoniyam ɗin har saiwa ta same shi.

Gawayi ma yana da nasa darasin, kuma na ceton rai ne. Idan yana ci a ɗakin da aka toshe saboda sanyin hunturu, ƙarancin oksijin yana sa ya fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ko wari. Himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, yana kama wannan iska da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, don haka ɗan kaɗan daga cikinta ya isa ya karkatar da daidaito, jini ya kasa kai oksijin ga ƙwaƙwalwa. Da yake kamun mai komawa baya ne, maganinsa shi ne a fitar da mutum zuwa sarari nan take a kuma garzaya da shi asibiti a ba shi oksijin tsantsa, wanda ke rage lokacin da rabin gubar ke ɗauka kafin ta fita daga sa'o'i huɗu zuwa biyar ya koma kusan sa'a ɗaya da rabi ko ƙasa da haka.

Abin da ya rage ga malami da ɗalibi

Makarantun yankin Birnin Gwari sun sha fama da shekarun rashin tsaro da ƙarancin kayan gwaji, amma wannan babi yana daga cikin waɗanda za a iya koyarwa da awo na gaskiya ba tare da tsada ba. Ruwan khal da ɓawon ƙwai da agogon waya sun isa a gwada tasirin faɗin fuska, ta hanyar kwatanta dakakken ɓawo da wanda ba a daka ba, a gwada na kauri ta hanyar sirka khal ɗin da ruwa, a kuma gwada na zafi ta hanyar ɗumama shi, ɗalibai su rubuta lokutan da kansu su zana jadawalinsu. Kwalbar lemo mai gas, a rufe da kuma bayan an buɗe ta, mai sanyi da mai ɗumi, tana nuna daidaito da yadda matsi da zafi ke gusar da shi. Bayan haka, abin da ya kamata ɗalibi ya saba da shi a gaban kowace tambaya shi ne ya fara tantance ko sauri ake tambaya ko matsayin daidaito, sannan ya duba tasirin kauri da matsi da zafi da katalis a kan kowannensu dabam. Wanda ya riƙe wannan tsari zai amsa tambayar jarrabawar da bai taɓa gani ba, zai kuma iya yi wa manomin garinsu bayanin dalilin binne taki, da mai gida dalilin barin taga a buɗe idan akwai garwashi a ɗaki, da hujjar da zai iya karewa.